Maɗaciyar Yaya Dije

Tun da na dawo daga Nijar ban huta da tambaya ba. A mahauta a tambaye ni, a ƙofar masallaci a tambaye ni, har Garba mai rake, wanda rabona da shi tun sunan ɗansa na fari, ya tako daga Maƙarfi zuwa Ikara wai ya zo jin labari. Kowa nakan yanka masa daidai bakinsa. Wannan in ba shi labarin burodinsu mai tsawon sanda, wancan in ba shi na jandarmomi, a yi dariya a watse. To, na gaji da sayar da labarin tsoka-tsoka. Ga shi nan ɗungurungum, har da wurin da nake tsallakewa.

Ni mahauci ne ɗan mahauci, sunana Isiyaku. Yayata Dije ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, tana zaune a Janfalan a gidan marigayi mijinta. Ta fi shekara tana fama da ciwo a gefen dama, ƙarƙashin haƙarƙari. Da ta ci abu mai maiƙo sai ta duƙe tana salati. Aka sha saiwoyi har aka gaji, idonta ya fara yin ɗorawa, sannan muka kai ta Zariya aka ɗauki hoton cikin. Suka ce tsakuwa ce ta cika maɗaciya, wadda wasu ke kira matsarmama, kuma sai an cire jakar gaba ɗaya. Likitan ya ɗauko biro zai zana mini inda take, na ce ya huta. Jakar nan ce koriya da ke manne da hanta, wadda in wuƙa ta kuskure ta fashe, an yi asarar nama. Na cire dubunta da hannuna.

Ranar da suka ba mu ta aiki ta yi nisa, ita kuwa tana ramewa. Ɗanta Sabi'u direban babbar mota ne, yana kai rake daga Maƙarfi zuwa Nijar. Shi ya zo da labarin wani asibiti gaba da Maraɗi, inda wasu likitoci ke wannan aikin ta 'yan ƙananan ƙofofi ba tare da an farke ciki ba, kuma suna bincike a kan ciwon.

Yaya Dije ta ce za ta je, amma da sharaɗi ɗaya. Duk abin da aka cire daga jikinta, a dawo da shi Janfalan a binne a bayan ɗakinta, inda aka binne mabiyiyar 'ya'yanta bakwai.

"Aro aka ba ni," in ji ta. "Ranar da mai shi ya ce ina kayansa, in ce na bar shi a ƙasar wasu?"

Muka ɗauko liman ya yi mata bayani. Ya ce binnewa ya fi kyau, amma wanda ya halicce ta daga babu ba zai rasa inda wani yanki nata ya faɗi ba. Ta saurare shi da ladabi har ya fita, sannan ta ce, "Malam bai taɓa rasa komai a jikinsa ba sai haƙori, shi ma na san ya binne." Ta juyo gare ni. "Auta, kai za ka yi mini alkawari. Ba Sabi'u ba, kai."

Na yi mata alkawari. Wallahi a lokacin ban ɗauke shi a bakin komai ba.

Mun tashi da hantsi a gaban motar Sabi'u, zafin bazara ya fara kankama. Na so mu ɗauki ƙaramar mota, ta ce ba za ta mutu a motar baƙo ba alhali ɗanta na da mota. Kafin mu kai Kwanar Dangora taya ta fashe. Muka zauna a gindin mangwaro, wata mai awara ta ji inda za mu, ta ce ita ma an yanka kakarta a Nijar. Na ce, "Ta warke?" Ta ce, "Ta rasu, amma aikin ya yi kyau." Na dubi Yaya, na tarar tana dariya har tana riƙe gefen ciki.

Daga Kano zuwa Katsina duk shingen da muka tsaya sai an zari karan rake ɗaya, Sabi'u ko waiwaye ba ya yi. Na ce, "Haka za su tsiyaye maka mota?" Ya ce, "Kawu, na shinge daban nake ɗaure shi, can gefe. Wanda tsutsa ta ci ne." Muka kwana a Jibiya a gidan wani abokinsa, da safe muka nufi iyaka.

Ni da na zaci iyaka wata katanga ce. Ashe igiya ce da ganga biyu, da mutane masu kama da mu sak, sai dai in ka ce lafiya su ce lahiya. Wani jandarma dogo ya karɓi takarduna yana juyawa, ya ce, "Mi ka kawo muna?" Na ce mara lafiya. Ya leƙo ya ga Yaya, nan take ya cire gilashin idonsa ya rusuna, ya gaishe ta gaisuwar da ko a Zazzau sai haka. Ya sa aka kawo mata ruwan sanyi. Ni kuwa ya tsare ni rabin awa a kan wuƙaƙena biyu da na manta a aljihun jaka. Mahauci ba ya tafiya ba wuƙa, na gaya masa. Ya ce shi ma ba ya tafiya ba bindiga, amma ba ya shiga da ita ƙasar mutane. Ya riƙe babbar, ya bar mini ƙaramar.

Asibitin yana bayan gari. Masu jinya ba a ba su ɗaki. Akwai wata doguwar rumfa a baya, kowa ya shimfiɗa tabarma ya kafa murhu, har wurin ya zama ƙauye, da mai unguwarsa da masu gulmarsa. A nan na ci dambu da zogale har na koshi da shi, na ci cukunsu mai tauri kamar fatar kirgi, na sha shayin da ake yi wa zagaye uku a kofin da bai fi babban yatsa ba. In ka sha na farko ka tashi, ka yi rashin kunya. Burodin kuwa, da safe abinci ne, da yamma makami. Abin da ya fi ba ni mamaki shiru. A wurinmu in an kwantar da mutum, dangi sai sun cika asibiti da hayaniya da kwanukan abinci. Su kuwa mutum zai zauna kusa da majinyacinsa wuni guda, ba ka ji komai ba sai ƙarar carbi.

Wadda za ta yi aikin mace ce, Likita Mariyama, siririya, ba ta kai ni ba a shekaru. Da ta ji sana'ata sai ta ajiye biro ta shiga yi mini tambayoyi. Ina samun tsakuwa a ta shanu? Ta wace dabba ta fi kauri? In hanta na da tsutsa, yaya ruwan yake zama? Ni kuma kaina ya kumbura. Shekara talatin ina wannan aiki ba wanda ya taɓa tambayata komai sai ragi. Na zuba mata bayani har da nuni da hannu.

Ana cikin haka ta miƙo takardu biyu da Faransanci, ta fassara su da Hausa dalla-dalla, ba zan yi mata ƙarya ba. Ta farko ta yardar aiki ce. Ta biyu ta ce in mun yarda za su riƙe abin da aka cire su duba shi, su haɗa da na sauran mutane a bincikensu. Na ce, "Ai wannan na san shi." A mayankarmu kullum malamin dabbobi yakan zo ya tsaga hanta, ya leƙa, ya buga hatimi, ya miƙo maka kayanka. Abin da na ɗauka ke nan. Yaya ta dube ni, na ce, "Dubawa kawai za su yi, dangwala." Ta dangwala.

Aikin bai kai awa biyu ba. Ƙofofi huɗu, kowacce ba ta fi a rufe ta da kwabo ba. A matsayina na mai wuƙa na jinjina musu. Da la'asar ta farfaɗo, ba ta nemi ruwa ba, ba ta nemi Sabi'u ba. Ta ce, "Auta, ina take?"

Na ce bari in karɓo.

Aka nuna mini wani ɗaki a ƙarshen baranda. Mai kula da shi wani dattijo ne, Malam Isuhu, mai farin gemu da farar riga. Ya sa makulli ya buɗe, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Salamu alaikum." Na leƙa ta kafaɗarsa in ga wa ke ciki. Ba kowa.

Ya ga na dube shi. Ya ce, "Mutane ne a nan, malam, ko da guntu-guntu ne. Ba a shigar musu haka nan."

Rana ba ta faɗi ba a waje, zafi kamar ya dafa mutum, amma ɗakin sanyi ƙalau, wata na'ura na gurnani a bango. Kantoci ne daga ƙasa har sama, kwalabe a jere, kowacce da abu a ciki yana iyo cikin ruwan magani. Ni da na girma cikin kayan ciki, ban taɓa jin tsigar jikina ta tashi a kansu ba sai ranar. Na dabba ka san inda sauran jikin ya tafi, an ci. Waɗannan masu su suna can suna yawo, wani na noma, wata na daka, wani ya riga mu gidan gaskiya. Ba suna a jikin ko ɗaya, lamba ce kawai. Malam Isuhu na tafe yana taɓa murafen da yatsa. "Wannan mai raƙuma ne. Wannan ta haifi tagwaye bara. Wannan bai kai gida ba." A gefe ga faranti cike da tsakuwoyi, wasu baƙaƙe kamar barkonon masoro, wasu rawaya masu kusurwa kamar an sassaƙa su. Ya tsaya gaban wata sabuwar kwalba ya ce, "Ga baƙuwarmu ta yau."

Na ce ita na zo ɗauka.

Ya kira Likita Mariyama. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce binciken ba dole ba ne, in na ce a cire sunan Yaya yanzu za a cire. Suna son su gane ne me ya sa tsakuwar nan ke yawaita, da kuma ko ƙwayar zazzaɓin taifot na ɓuya a cikin jakar. "Amma dubi nan," in ji ta, ta ɗaga kwalbar. "Kai ka san kaurin da ya kamata." Na duba. Bangon ya yi kauri ya yi fari-fari a gefe guda. Da a jikin saniya na ga haka, da ban sayar da hantar ba. Ta ce irin wannan wani lokaci kumburi ne kawai, wani lokaci mugun ciwon nan ne na daji yake farawa. Ba mai sani sai an yanka ta siriri-siriri an aika babban birni an duba da madubin likita, kuma sai an yi makonni. In ciwon ne, akwai sauran aiki, kuma da wuri ake yinsa. In na tafi da ita na binne, mun binne amsar.

"In an gama, ragowar mukan ƙone ta," in ji ta. "Sai dai in kuna so a ajiye muku."

Na tsaya a ɗakin nan ina rawar sanyi. In na koma hannu biyu, na san yayata, ba za ta bar garin ba, za ta ce a ba ta kayanta yanzu, kuma za a ba ta. In na karɓa, wataƙila na cika alkawari na kashe ta. Tsoro na ji, tsoro na gaske. Kuma a cikin tsoron wata dabara irin ta mahauta ta faɗo mini. Na ce wa likita ta ci gaba da aikinta, kuma ba sai sun ajiye mana komai ba. Na roƙi tsakuwa uku kawai, ta ba ni.

Da ta fita, Malam Isuhu ya ɗauko kwalba wadda ba komai a ciki, ya zuba ruwan magani rabi, ya miƙo mini. Ban tambaye shi ba, ban gaya masa komai ba. Ya ce, "Mayanka tana bayan tasha. Ba kai ne na farko ba."

Washegari da safe na je. Mahautan can suka karɓe ni kamar ɗan gida, suka yi ta tsokanata wai mu 'yan Najeriya muna yanka nama kamar muna fushi da shi. Na zaɓi maɗaciyar wani babban rago, na cire ta da 'yar wuƙata, na tsiyaye ruwan, na cusa tsakuwoyin nan uku, na ɗaure bakin da zare. Na kai wa Yaya kwalbar a nannaɗe cikin ƙyalle. Ba ta buɗe ba. Ta rungume ta ta ce, "Allah ya yi maka albarka, Auta." Ban taɓa jin albarkar da ta yi mini nauyi irin wannan ba.

Kwana huɗu aka sallame mu. A iyaka wani jami'i ya ga ƙunshi a cinyarta ya ce a buɗe. Ya ɗaga ƙyallen, ya ga abu na iyo, ya ce mene ne wannan. Yaya ta ce, "Ni ce, ɗana. Gida za ni." Ya mayar da ƙyallen da hannu biyu ya ja da baya, ko jakunkunanmu bai duba ba.

Bayan mun wuce Katsina ta fara. Rana na dukan gilashi, ni da Sabi'u gumi ya jiƙa mu sharkaf, sai ta ja mayafi ta dafe gefen dama. Ta ce, "Sanyi nake ji a nan."

Sabi'u ya ce, "Inna, ɗinkin ne."

"Ba ɗinki ba ne. Wurin da aka cire ne. Kamar an ajiye ni a ɗaki mai sanyi an kulle." Can ta ƙara, "Kuma ba ni kaɗai ba ce."

Ba ta taɓa zuwa ƙarshen barandar nan ba. Ban gaya mata akwai ɗakin ba, ban gaya wa Sabi'u ba. Na kafe idona a kan titi har Kano.

A Janfalan mata suka cika gida da barka. Kashegari ta sa na haƙa rami a bayan ɗakinta, ta kawo farin ƙyalle da ƙwaryar ruwa, ta ce kowa ya ba mu wuri. Ta buɗe kwalbar ta juye a ƙwarya, ta wanke abin a hankali kamar jariri. Sai hannunta ya tsaya. Ta juya shi, ta ɗaga shi a rana, ta daɗe tana kallon zaren.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Tun ba a haife ka ba nake wanke wa Baba kayan ciki. Wannan ƙullin nasa ne. Likita ba ta san shi ba." Ta shafa jakar da yatsa. "Ragon dai ya samu kiwo."

Na durƙusa na gaya mata komai, da takardar, da kaurin bangon, da amsar da ake jira. Abu ɗaya na rage, maganar ƙonewa. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba, da ma zagin ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta kwance zaren, ta fitar da tsakuwoyin uku ta naɗe su a farin ƙyallen ta sa a ramin. Ta miƙo mini ta ragon ta ce in san inda zan kai ta. Na ɗauki fatanya zan mayar da ƙasa, ta riƙe hannuna. Ta jawo wani tsohon kasko ta kife a bakin ramin.

"Ba za a rufe ba sai ta dawo. In sun gama dubawa, ka je ka ɗauko ni."

Tun a hanyar Ikara na fara neman Likita Mariyama a waya in ce na canza magana, a ajiye mana. Layin ƙasar waje ne, yau ya shiga ba a ɗauka ba, gobe ya ƙi shiga. Na aika saƙo ta hannun Sabi'u, aka ce masa ta tafi babban birni da samfuran, mai makullin ɗakin kuma ba ya nan ranar. Na ce in an ci kasuwar mako zan je da kaina. Aka ci, wata ta zo, ban je ba. Duk Juma'a in na je Janfalan, Yaya na samun sauƙi, idonta ya washe, tana cin tuwo har da man shanu, amma da mayafi a naɗe a kwiɓinta cikin wannan zafi. Ta share gefen kaskon tas. Gaisuwarta ɗaya ce: "An yi waya?"

Ranar Alhamis ɗin da ta wuce wayar ta zo, ina tsakiyar fiɗa. Likita Mariyama ce da kanta, muryarta cike da murna. Ta ce kumburi ne kawai, ba ciwon daji, ba sauran aiki, Inna ta warke. Na yi hamdala har hawaye ya zubo mini a gaban yarana na mahauta. Sannan na ce, to ragowar fa, a ajiye mini ina zuwa. Ta ce, "Ai kai ka ce ba sai an ajiye ba. Jiya Laraba aka ƙone na wannan zagayen."

Da Juma'a na hau babur na tafi. Na same ta a bayan ɗaki a kan tabarma, kusa da kaskon, ba mayafi a kwiɓinta, tana fifita da mafici. Na ba ta albishir, ta ɗaga hannu ta gode wa Allah, ta sa mini albarka. Sannan ta ce, "To yaushe za ka ɗauko ta?"

Na ce, "Tukuna, Yaya. Sun ce akwai sauran 'yan dube-dube."

Ta dube ni, ta ci gaba da fifita gefen damanta.

"To," in ji ta. "Sanyin dai ya daina tun shekaranjiya Laraba. Yanzu zafi nake ji."